Kan maganar da ake yi cewa yawu magani ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mutane suka raina, wato yawun bakinmu. Ni tsohuwar ma'aikaciyar sashen haƙori ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina leƙa bakunan mutane a asibitocin gwamnati kafin in yi ritaya, kuma har yau idan yaro ya yi mini dariya, haƙoransa nake fara gani kafin fuskarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wani gidan suna, makon jiya, nan unguwarmu a Gusau. Muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, sai wani yaro ɗan shekara huɗu ya yi tuntuɓe da turmi ya faɗi a kan siminti, ya ƙuje gwiwa, jini ya tsattsafo. Kafin uwar ta ajiye farantin hannunta, kakarsa ta jawo shi, ta tofa yawu a tafinta ta mulke wurin, ta ce, "Shi ke nan, ya warke, tafi ka yi wasanka." Na ce, "Haba Inna, ga ruwa ga sabulu a bakin rijiya, kawo shi in wanke masa." Ban rufe baki ba wata yarinya cikin ƙawayen mai jego, da ganinta 'yar makaranta ce, ta ɗago waya ta ce, "Ai Hajiya, Inna ce da gaskiya. Na gani a WhatsApp, likitocin Turai sun tabbatar yawu yana kashe ƙwayoyin cuta." Nan take mata suka ɗauka. Wannan ta ce ai ko kare lasar ciwonsa yake yi ya warke, waccan ta ce yawun safe kafin a sa komai a baki shi ne maganin makero. Gidan suna ba wurin dogon bayani ba ne, na dai wanke wa yaron gwiwa na koma na zauna. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Rabin magana aka ba ta, kuma rabin da aka bari shi ne na ga yana cutar da mutane tsawon shekarun aikina.

Bari in fara ba ta gaskiyarta. Allah Ya yi mana manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ita ce ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe, ban da ƙanana masu yawa a leɓe da ganɗa. A yini guda suna zubo tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi, kamar ledar fiya wata ɗaya zuwa uku ke nan, muna haɗiyewa ba mu ma sani ba. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne zalla. Ragowar kashi ɗayan nan ne ke ɗauke da abin mamaki. Akwai wani sinadari da ake kira laisozaim wanda ke fasa ɓawon wasu bakteriya su mutu. Wanda ya gano shi shi ne Alexander Fleming, mutumin da daga baya ya gano fenisilin a 1928. A ƙarshen 1921 mura ta kama shi a Landan, ya sa majinarsa a farantin da yake renon bakteriya, ya ga sun narke a inda ta taɓa, ya bi diddigi ya sami abin a hawaye da yawu, ya wallafa a 1922. Akwai laktoferin, wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfe da bakteriya ke buƙata don su hayayyafa. Akwai garkuwar jiki da ake kira IgA, wadda ke liƙe musu ta hana su mannewa a fatar baki. Akwai histatin, mai yaƙi da farar gansakukar nan da ke fitowa a harshen jarirai da marasa lafiya, kuma yana taimaka wa rauni ya haɗe. Shi ya sa idan ka ciji harshenka ko lafcecen tuwo mai zafi ya ƙona maka ganɗa, kafin kwana kaɗan ya warke, alhali irin wannan rauni a ƙafa sai ya daɗe.

To amma shi kansa Fleming ya lura cewa laisozaim ya fi ƙarfi a kan bakteriya marasa illa, miyagun kuwa ba ya yi musu wani abin kirki. Kuma ga tambayar da na so in yi wa yarinyar nan: idan yawu yana kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda aidin ko sifirit ke yi, me ya sa baki, inda yawu ke kwana yake tashi, yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tara bakteriya a jikin ɗan Adam? Masu bincike sun ƙirga kusan iri 700 da ke iya zama a bakin mutum. A ɗigon yawu ɗaya akwai miliyoyinsu.

Wannan ba sabon labari ba ne. Tun a 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen haɗa madubin ƙara girman abu, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa ya duba. Mutum ne mai tsafta, kullum da safe sai ya goge baki da gishiri kamar yadda iyayenmu ke yi, amma duk da haka ya ga wasu ƙananan halittu suna wutsil-wutsil, har ya rubuta wa masanan Landan cewa waɗanda ke bakinsa sun fi mutanen ƙasarsa yawa. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne da ya kurkure baki da ruwan khal mai ƙarfi ya sake dubawa, sai ya tarar na waje-waje kawai suka mutu, na cikin dauɗar suna nan daram. Abin da khal bai ratsa ba, yaya yawu zai ratsa shi?

Yadda na fahimci abin, kuma yadda nake yi wa marasa lafiya bayani, yawu kamar makiyayi yake da garkensa. Ba kashe shanu aka sa shi ba. Aikinsa ya tsare su a burtali, ya kora su gaba, ya hana mafaɗata yin yawa, ya hana su faɗawa gonar mutane. Yawancin bakteriyar baki ma 'yan gida ne, zamansu yana hana baƙin miyagu samun wuri. Amma ranar da ka kwashe su daga baki ka zuba a buɗaɗɗen ciwo, ka kai shanu tsakiyar gona ke nan, kuma makiyayin bai biyo su ba, domin ɗan sinadarin da ke cikin tofi ɗaya bai kai ya kawo ba.

Na ga wannan da idona a ɗan ƙanwata, lokacin yana koyon ɗinki. Rigima ta haɗa shi da wani a filin ƙwallo, ya kai masa naushi a baki, haƙorin wancan ya ɗan tsaga masa fata a gaɓar yatsan tsakiya. Ciwon bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya tsotse jinin, ya ɗaure da ƙyalle, bai gaya wa kowa ba don kada a yi masa faɗa. Kwana uku uwarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da bayan hannun ya kumbura suntum yana sheƙi, yatsan ya ƙi lanƙwasuwa, jikinsa zafi rau, da na kwance ƙyallen kuwa warin da ya bugo ni irin wanda na saba ji ne a ruɓaɓɓen haƙori. Na ce, "Kai, wa ka nausa?" Sai ya sunkuyar da kai. A daren aka shiga da shi tiyata aka tsaga aka wanke. Abin da ke faruwa shi ne lokacin da hannu yake dunƙule haƙori yana huda har cikin gaɓa, da an buɗe hannu sai fata da jijiya su ja su rufe ƙofar, bakteriyar baki su sami ɗaki mai ɗumi ba iska. Akwai wata da ake kira Eikenella corrodens da ta yi suna a irin wannan ciwo. Allah Ya sa ba a yanke yatsan ba, amma har gobe ba ya dunƙuluwa sosai, kuma tela ne.

Batun kare kuwa, wanda ya taɓa kiwo ya san ciwon kare ma yana ruɓewa ya yi tsutsa, kuma ta yawu haukan kare ke shiga jikin mutum. Wanda kare ya ciza ko ya lasar masa ciwo, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ya nufi asibiti a ranar. Kada kuma wani ya ce na taɓa tofin addu'a. Wannan daban, addu'ar ce abin nufi, kuma ni ma ina yi wa jikokina. Abin da nake roƙo a bari shi ne mulka yawu a buɗaɗɗen rauni, da tofa shi a idon yaro don wani abu ya faɗa, da shafa shi a cibiyar jariri, alhali ga man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti don cibiya.

Yanzu in zo kan abin da ya fi damuna, domin ciwon gwiwa yawanci yana warkewa ko da an tofa masa yawu, haƙori kuwa idan ya tafi ya tafi. Mun ɗora wa yawu aikin da ba nasa ba, sannan a ainihin aikinsa, wato tsaron haƙori, mu ne muke karya masa gwiwa kullum.

Mai karatu ya gwada wannan gobe da safe kafin ya wanke baki: ya kankari gindin haƙorinsa da farce. Wani farin abu mai laushi kamar ƙullu zai fito. Mutane suna zaton ragowar tuwon dare ne. Gari ne guda na bakteriya, sun gina shi da wani danƙo da suke yi da sukari. Babbar mai wannan gini ita ce Streptococcus mutans, wadda wani mai bincike a Landan, J. K. Clarke, ya raɗa wa suna a 1924 bayan ya same ta a kogon haƙori. Sukari ne abincinta, abin da take fitarwa kuwa asid ne, wato tsami. Farin ɓawon haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi, amma tsami yana zaizaye shi. Masana suna da ma'aunin tsami da ya tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya, lambar tana raguwa tsami yana ƙaruwa, kuma baki mai lafiya yana zama kusa da 7. Idan ya sauka ƙasa da 5.5 sai haƙori ya fara narkewa. Wani likitan haƙori ɗan Amurka, Robert Stephan, ya auna wannan a shekarun 1940: da zarar an kurkure baki da ruwan sukari, cikin 'yan mintoci ma'aunin tsamin da ke cikin dauɗar haƙori yake sauka ƙasa da wannan iyaka, kuma sai an ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya koma daidai.

Wa ke mayar da shi daidai? Yawu. A cikinsa akwai baikabonet, ɗan'uwan kanwa, kuma duk macen da ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ta san yadda take kashe tsami. Bayan ya kashe tsamin, yana ɗauke da kalsiyam da fosfet, ainihin abin da aka gina haƙori da shi, sai ya shiga mayar da abin da ya zaizaye kamar mai yaɓen katanga bayan ruwan sama. Wannan rushewa da yaɓe kullum ake yin su a bakin kowa, mai kuɗi da talaka. Kogo yana samuwa ne idan rushewa ta fi yaɓe yawa. Saboda haka yawan sukarin da aka sha a zama ɗaya bai kai yawan lokutan da aka sha shi illa ba. Wanda ya ci alkaki uku bayan tuwon rana ya tashi, ruwa ɗaya aka yi wa katangarsa. Wanda ya sa kofin shayi mai cokali huɗu na sukari a gabansa yana kurɓa tun hantsi har azahar, ko yarinyar da aka ba naira ɗari ta saye alewa tana tsotsa ɗaya bayan ɗaya har a tashi makaranta, su kam kamar ruwan Agusta ne, mai yaɓe bai sami rana ko ɗaya ba. An tabbatar da haka a wani gwaji a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950, inda aka riƙa ba masu taɓin hankali alewa mai danƙo tsakanin abinci har haƙoransu suka lalace. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah da ba su iya cewa a'a, kuma ba na ambatonsa ba tare da raina ya ɓaci ba. Amma abin da ya fito fili shi ne sukarin da aka ci tare da abinci bai yi ɓarna kamar wanda aka yi ta tsotsa tsakani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 na sukari a yini, in ma da hali ya tsaya a 6. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan rabo. Mu kuwa zoɓo da sukari, kunun aya da sukari, fura da sukari, koko da sukari, gari da sukari.

Maigidana ya kai shekara sittin ba shi da kogo ko ɗaya, mutum ne mai asuwaki a aljihu. Sai hawan jini ya same shi, aka ɗora shi a kan magani, bakinsa ya riƙa bushewa, har idan yana magana kana jin harshensa yana mannewa. Bai ɗauke shi ciwo ba. Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa sayen minti, kullum akwai ɗaya a kumatunsa, a masallaci, a kasuwa, har da dare idan ƙishi ya tashe shi sai ya jefa ɗaya ya koma barci. Cikin shekara biyu, ranar da ya ce mini ruwan randa yana tsarga masa haƙori na sa shi ya buɗe baki a hasken taga, na ga gindin turamensa na gefen dama duk sun yi baƙi zagaye, kamar an ɗaura musu zare. Saiwar haƙori ba ta da farin ɓawon nan, ta fi saurin ci. Uku aka cire. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne gida ɗaya muke, aikina ke nan, ina ganin takardun mintin a aljihunsa idan zan ba da wanki, ban haɗa biyu da biyu ba sai da ɓarna ta auku. Tun daga nan duk dattijon da ya ce mini bakinsa na bushewa, ba na barinsa ya wuce. Magungunan hawan jini da yawa suna jawo haka, da na mura masu sa barci, da wasu na ciwon damuwa, haka ma ciwon sukari kansa. Ba a daina magani don wannan. A koma wa likita a gaya masa, wataƙila ya sauya, a riƙa kurɓar ruwa, in za a tauna cingam a nemi marar sukari. Samarinmu masu shan tiramol da kodin kuwa sun haɗa biyu, ƙwaya ta busar da baki, ruwan maganin tari kuma sukari ne mai kauri. Na ga ɗan shekara ashirin da biyu da bakin ɗan tamanin.

Kowa ma, mai lafiya da marar lafiya, idan ya yi barci yawunsa yana ja baya ƙwarai, kusan ya tsaya. Shi ya sa baki ke wari da safe, kuma shi ya sa maganar yawun safe a matsayin magani ta fi ba ni mamaki, don a lokacin ne ya fi cika da bakteriya. Dare shi ne lokacin da haƙori ba shi da mai tsaro. Amma a nan ne muka fi sakaci: kowa yana wanke baki da safe don kunyar mutane, kaɗan ne ke wankewa kafin kwanciya. In da za a ce in zaɓi ɗaya, na dare zan zaɓa. Ga kuma iyaye mata masu ba yaro fida cike da shayi ko madara mai sukari ya yi barci da ita a baki. Irin waɗannan yara ko ba a faɗa mini ba ina gane su: haƙoran gaba huɗu na sama sun ruɓe sun zama guntaye masu launin ƙasa, na ƙasa kuwa fes, domin harshe ya rufe su, kuma a nan maɓuɓɓugar yawu take. Babu hujjar da ta fi wannan nuna aikin yawu, a baki ɗaya ga inda ya kai, ga inda bai kai ba. Kuma kada a ce ai zai yi famfara. Waɗannan haƙora ashirin su ne ke riƙe wa na dindindin wuri, sannan turmin farko na dindindin yana fitowa ne a wajen shekara shida a can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa suna zaton na yarinta ne su bar shi ya ruɓe. Ita ma bakteriyar ba da ita ake haifar yaro ba, yawanci daga bakin mai renonsa yake samu, ta cokalin da aka lasa ko abincin da aka tauna aka ba shi. Ƙauna ce ke sa uwa yin haka, na sani. Sai dai uwar da ke da kogo ta gyara nata bakin, gyaran na ɗanta ne.

Da azumi abin yakan ƙaru. A sha shayi mai zaƙi da sahur, a yi sallah, a koma barci ba a goge ba. Da rana kuma wasu su wuni suna tofar da yawu a titi da bakin masallaci don tsoron kada azumi ya karye, alhali malamai sun yi bayani cewa haɗiye yawun bakinka ba ya karya azumi. Ɗan abin da ya rage yana tsaron haƙori shi ake zubarwa.

Mu da muke da asuwaki bai kamata a bar mu a baya ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da yin asuwaki a kowace sallah. A duba hikimar: sau biyar a yini ana rushe garin bakteriya kafin ya yi ƙarfi, taunar icen kuma tana tsinko yawu. Amma a yi shi da gaske. Abin da na fi gani shi ne a goge na gaba guda shida da ake dariya da su, sauran yini kuma icen yana rataye a gefen baki. Turame na baya, da gefen harshe, da layin da haƙori ya haɗu da dasashi, can ne ɓarna take. Ni shawarata a haɗa biyu: asuwaki da rana, buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid safe da dare, minti biyu. Fuloraid yana shiga cikin yaɓen da yawu ke yi ya sa ya fi jure tsami, don haka bayan an goge a tofar kawai, kada a bi da ruwa a wanke shi tas. Yaro ƙasa da shekara uku a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, kuma babba ya goge masa. Gawayi da toka da yashi suna sa fari na ɗan lokaci, amma kankare ɓawon suke yi, shi kuwa ba ya tofowa.

Dauɗar nan idan ta daɗe a gindin haƙori, kalsiyam ɗin yawu yana mayar da ita dutse, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa, kuma daga nan sai a asibiti za a iya kankare ta. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. Da mutum ya ga jini sai ya daina goge wurin, alhali rashin gugar ce ta kawo jinin. A hankali ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, haƙori lafiyayye ya fara girgiɗi, a ce tsufa ne. Masu ciwon sukari su fi kowa kula, domin ciwon yana tsananta na dasashi, na dasashi kuma yana wahalar da saita sukari.

A yankinmu akwai inda wannan jinin dasashi yake kaiwa da ba na fatan ko maƙiyina ya gani, wato cutar noma. Yaro ne tsakanin shekara biyu zuwa shida, yunwa ta ci shi, ko ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, garkuwar jikinsa ta faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bakteriyar da ke zaune lafiya a bakin kowa su ne ke juyawa su ci naman yaron. Na taɓa karɓar wata yarinya da aka kawo daga ƙauye a goye, an rufe mata fuska da gyale. Uwar ta ce kwana goma da suka wuce warin baki ne kawai da ɗan jini, sai kunci ya kumbura, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Da na ɗaga gyalen, ina ganin turamenta ta cikin kunci. Uwar ba ta yi kuka ba, ta dai riƙa gyara wa 'yar ɗankwali. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara mutuwa suke yi, alhali a kwanakin farko maganin kashe bakteriya da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman don wannan cuta a Sakkwato tun 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba aikin maita ba ce. Duk uwar da ɗanta ya rame, bakinsa yana wari, dasashinsa yana jini, ta kai shi asibiti a ranar, kada ta jira kasuwa ta ci.

Ina roƙon malamai masu wa'azi da masu shirin lafiya a rediyo su taya mu faɗar wannan. Haka kuma a ja kunnen jama'a kan masu cire tsutsar haƙori a kasuwa. Babu tsutsa a haƙori, na buɗe dubbai ban ga ko ɗaya ba. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur a kogo, da masu danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona nama kawai suke yi. Kanumfari yana lafar da zogi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma ba ya cike rami. Kai kuma Edita, da za ka ware mana ko rabin shafi ne a wata, wani likitan haƙori ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, musamman gab da azumi, da ka yi mana babban taimako.

Shekaranjiya na koma gidan da aka yi sunan don duba mai jego. Yaron ya zo da gudu ya nuna mini gwiwarsa, ta bushe sarai. A ɗaya hannun yana riƙe da alewa mai tsinke. Na ce, "Buɗe bakinka in ga na zaki." Ya wangale. Turamensa biyu na ƙasa kowanne da rami mai launin ƙasa, wanda kan ashana zai shiga. Na kira Inna na nuna mata a hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe shi ya sa yake tauna da gefe ɗaya." Mun yi da ita ranar Litinin da sassafe zan biyo mu kai shi tare.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar sashen haƙori,
Gusau, Jihar Zamfara.